Wa Ya Cika Tanki?

Ungwan Fadama, bayan Kachia
Laraba, 4 ga Satumba

Babana abin ƙaunata,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Yaya jiki? Yaya ƙafar, yaya hannun? Ina fata ana samun sauƙi, kuma ina fata Mama tana lafiya, ba ta kashe kanta da aiki ba. Ni lafiyata ƙalau, sai dai kewarku.

Mun iso ranar Litinin da hantsi, bayan hanya ta gama jijjiga mana ƙasusuwa. Mu uku ne a motar asibitin: Sista Doreen shugabarmu, Leonard direba, sai ni 'yarka Hulda, mai allura da awo da duk wani aikin da sauran biyun ba sa so. Mako uku za mu yi a nan muna awon masu ciki da rigakafin yara, sannan mu wuce Gwantu. Waya ba ta kamawa sai mutum ya hau dutsen bayan firamare. Sau biyu na hau saboda kai, sau biyun Mama ta ce ka juya fuska bango ka ƙi karɓa. Na sani, Baba. Tun da ciwon nan ya shanye maka ɓarin dama harshenka ya yi nauyi, ba ka son kowa ya ji yadda muryarka ta koma. Shi ya sa na koma takarda. Christopher, mai motar hayar da ke bin hanyar nan zuwa Kafanchan, ya yarda zai riƙa kai maka har ƙofar gida.

To, ba gaisuwa kaɗai ta sa na rubuto ba. Aiki na kawo maka, Malam Samson Kumai, kai da ka yi shekara talatin da ɗaya a loko kana gyara ruwan taragon jirgin ƙasa. Ruwan motarmu ya lalace.

Ga yadda abin yake. Akwai tankin roba a ƙarƙashin gadon awo, ana cika shi ta wani murfi daga wajen mota. Tiyo ya fito daga gindinsa, ya bi ta wani ɗan mataci mai murfin gilashi, ya shiga injin tura ruwa. Injin ƙarami ne, bai fi gwangwanin madara biyu ba, batir ne ke tayar da shi. Idan an buɗe famfon wanke hannu sai ya tashi da kansa, idan an rufe sai ya ƙara ɗan gurnani ya yi shiru. Haka ya yi ta yi lami lafiya a duk tafiyarmu ta baya.

Tun ranar da muka iso nan ya canza hali. Ruwa zai zo da ƙarfinsa har mutum ɗaya ya wanke hannu, sai ya fara sirancewa, sai ya koma tofi, sai ya ɗauke ƙaf. Muryar injin ma sai ta canza, daga gurnani ta koma wani siririn kuka, kuma ko an rufe famfo ba ya tsayawa sai an kashe shi daga bango. In an bar shi awa guda sai ya sake kawo ruwa kamar ba shi ba. Leonard ya taɓa shi da yatsa ɗaya ya ce ya mutu. Ka san Leonard, abin da duk ba sitiyari ba a wurinsa matacce ne.

Sista kuwa ba ta taɓa mai ciki da hannun da bai wanku ba, kuma tana da gaskiya. Saboda haka yanzu ni nake ɗebo ruwa a bokiti, in tsaya da buta ina zuba mata tsakanin mace da mace.

Baba, bari in faɗa maka abin da ke raina. Mama ta ce ka jefar da ƙwallon robar da likita ya ba ka ka riƙa matsawa, ka kuma ce amfaninka ya ƙare a duniya. Likita ya gaya mana a gabanka cewa hannun da aka bari kwance ba zai tashi ba, kuma na hagun ma sai an koya masa. Ina tsoron kada ka kwanta haka har ka tafi ka bar mu, alhali ciwon bai ce zai ɗauke ka ba. Don haka amsa nake so, kuma da rubutunka nake so. Da hagu ne, da dama ne, ko kalma ɗaya ce, zan karanta. Na Mama ba zan karɓa a madadin naka ba, ko da yake rubutunta ya fi naka kyau tun kana lafiya.

Ka gaishe mini da Mama da mutanen gida. Ubangiji ya ƙara sauƙi.

'Yarka mai ƙaunarka,
Hulda


Ungwan Fadama
Litinin, 9 ga Satumba

Babana,

Gaisuwa cikin alherin Ubangiji. Yaya ƙarfin jiki? Ina fata ka kwana lafiya, ruwan saman nan bai sa ƙafar tsami ba.

Christopher ya dawo ranar Asabar. Ina hango motarsa na ajiye buta na ruga, Sista tana tsaye da kumfa a hannu tana ƙwala mini kira. Ya miƙo mini ƙullin soyayyiyar gyaɗa da yaji da takarda ɗaya. Na juya ta gaba da baya, na duba cikin ambulan har sau biyu. Rubutun Mama ne daga farko har ƙarshe. Ta ce ta karanta maka wasiƙata, ka saurara idonka a rufe, ba ka ce komai ba. Na ji haushi, Baba, ba zan ɓoye maka ba. Gyaɗar ma sai da na yi kwana guda ina fushi da ita kafin na ci.

Tunda ka ƙi magana, na ce bari in yi abin da na tuna kana yi. Kullum in an kira ka gyara, ba ka fara kwance komai. Sai ka tsaya ka saurara, sannan ka bi ruwa daga inda ya fito zuwa inda zai je. Na bi, ga abin da na gani.

Batir a cike yake, fitilun mota ma ba sa ko ƙifta ido idan injin ya tashi. Fiyus lafiya lau. Na kwance murfin matacin, na sami ɗan yashi da wani zare-zare, na wanke shi tas da tsohon burushin haƙori, na mayar. Na yi ta murna, har na gaya wa Sista ta zo ta ga ikon Allah. Ruwa ya zo na minti guda ya ɗauke, ta kalle ni ta kalli buta, na ɗauki abata ba tare da an ce mini komai ba.

Washegari na kaɗa kumfar sabulu na shafa a kowane mahaɗin tiyo, ko zan ga inda iska ke shiga ko ruwa ke zuba. Babu. Na ƙara ɗaure duk zoben da ke riƙe da tiyon. Na shimfiɗa tsohuwar jarida a ƙarƙashin injin tun safe har yamma, ko ɗigo ɗaya bai sauka a kanta ba. Leonard da ya ga abin ya zama na gaske sai ya shigo da sukundireba, ya ce makunnin da ke jin ƙarfin ruwa ne ya rikice. Ya murɗa 'yar ƙusar da ke kansa zuwa dama, injin ya ƙara kuka. Ya murɗa zuwa hagu, ya ƙara kuka. Da ƙyar na sa ya mayar da ita inda ya same ta, don na yi dabara na sa alama da biro tun kafin ya taɓa. Yanzu cewa yake ƙauyen ne bai karɓi motar ba.

Jiya a sujada Fasto ya sa aka yi wa injin addu'a tare da marasa lafiya. Na yi dariya a ciki, sai kuma na ji hawaye, don da aka ce kowa ya ambaci majiyyacinsa, sunanka na kira.

Ka san abin da ya fi damuna? Ba buta ba ce, ba ciwon wuyan ɗaukar bokiti ba ne. A duk Kafanchan, mutum ɗaya na sani wanda in aka kwatanta masa kukan inji zai ce ga ciwonsa. Idan na rubuta masa duk wannan ya yi shiru, to ko dai ya daina ƙaunar aikin, ko kuwa mutumin nan ba ya cikin jikin da ke kwance a ɗakinmu. Na biyun nake tsoro. Ka nuna mini ƙarya nake yi, Baba.

Na haɗo da sabon biro da takarda mai manyan layuka, irin ta 'yan aji ɗaya. Kada ka ji kunyarta.

Ka gaida Mama, ka ce mata yajin ya yi.

Taka har kullum,
Hulda


Ungwan Fadama
Alhamis, 12 ga Satumba

Babana, Babana,

Gaisuwa da godiya ga Allah. Yaya jiki? Ba sai ka amsa ba, na ga amsar da idona.

Jiya Christopher ya kawo takardar. Kalma huɗu ce a tsakiyarta, sun karkace sun gangara ƙasa, “k” ɗin tanki ma ta huda takardar: “Wa ya cika tanki?” Na zauna a matakin mota na karanta su ban san sau nawa ba. Mata suna layi da katinsu a hannu suna kallon ma'aikaciyar asibiti tana kuka da dariya lokaci guda. Wata ta tambaye ni ko rasuwa aka yi, na ce mata a'a, babana ne ya yi mini tambaya. Ba ta gane ba, amma ta ce Allah ya sa albarka.

Mama ta rubuta a bayan takardar cewa ranar Talata da safe tana shara ta ji an ce “Milka, biro.” Ta ce tsintsiya ta faɗi daga hannunta, don rabon da ka kira sunanta sarai haka tun watan Mayu. Ta ce ka kore ta daga ɗaki, ka yaga takarda biyu kafin ta ukun ta tsaya. Kuma wai ka harare ta da ta ce za ta riƙe maka hannu. Wannan hararar ita ce lafiyar da nake roƙo.

To ga amsar tambayarka, ko da yake ban ga abin da ya haɗa mai cika tanki da kukan inji ba. Ba mu muke cikawa ba. Matan Zumunta ne na cocin nan. Ranar da muka iso suka ce baƙon da ya zo duba lafiyarsu ba zai ɗebi ruwa da kansa ba, abin kunya ne ga gari. Kowace safiya sai su zo a jere daga rijiyar burtsatse da kwanoni a ka, suna waƙa, su tace ruwan da farin ƙyalle, su ɗura. Ni ma bokitina sai na yi sammako nake ɗebowa a ɓoye, in ba haka ba su ƙwace. Shugabarsu wata dattijuwa ce, Mama Tagwai, gajeruwa mai faɗa da tsabta. Ita take tsayawa a kan aikin, ba ta yarda a tafi sai ruwa ya kawo baki, sannan ta murɗa murfin da hannu biyu kamar mai rufe jarkar manjan da za a kai kasuwa. Har jikin motar take gogewa da tsumma.

Tunda ka sa na fara kallon tankin maimakon injin, na lura da abu biyu. Na ɗaya, da safe idan sun cika shi maƙil, ruwan ya fi saurin ɗaukewa, ko minti ɗaya ba ya yi. Na biyu, yau na kwanta a ƙasan mota na leƙa ƙarƙashin gado, Leonard ya buɗe famfo. Daidai lokacin da injin ya fara siririn kukan nan sai na ji “ƙwab”, na ga gefen tankin ya lotsa ciki. Da muka kashe, a hankali a hankali ya dawo daidai. Na taɓa jin ƙarar nan a kwanakin baya, na ɗauka gadon ne ke ƙara idan mai ciki ta hau.

Iyakar abin da na gani ke nan. Kada ka gaggauta, amma kada ka daɗe. Kuma ka ci abinci, Mama ta ce har yanzu rabin tuwo kake mayarwa.

Ina gaida kowa da kowa.

'Yarka da ke jiran darasi,
Hulda


Ungwan Fadama
Talata, 17 ga Satumba

Babana abin alfaharina,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji mai jinƙai. Yaya hannu? Na san ya gaji, don wannan karon layi uku ka cika. Yaya Mama?

Baba, ruwa ya zo.

Jiya da rana takardarka ta iso. “Tanki ba ya numfashi. Buɗe murfi, kunna inji. In ruwa ya ci gaba da ƙarfi, nemi hancin tanki.” Na kira Leonard na ce ya buɗe famfo ya bar shi har injin ya fara kukansa. Ni kuma na zagaya waje na kama murfin. Da ƙyar ya murɗu, yana sakin jiki sai na ji iska ta ruga ciki, fuuu. Nan take muryar injin ta sauka ta koma gurnaninta na da, Leonard ya ƙwala ihu daga ciki wai ruwa ya jiƙa masa wando. Muka bar shi yana zuba har ya cika bokiti biyu, bai ko sirance ba. Ya rufe famfo, injin ya yi ɗan gurnani ya yi shiru da kansa. Sista ta cire tabarau ta ce a sake, aka sake, har sau uku.

Sai neman hanci. Na bi saman tankin da hannu na sami wani siririn tiyo da ban taɓa kula da shi ba, na bi shi har inda ya huda jikin mota ya leƙo waje, can ƙasa kusa da tayar baya, bakinsa yana kallon ƙasa. Baba, totuwar masara ce a ciki. An fere ta da wuƙa daidai bakin, an naɗe ta da leda, an cusa ta tsaf. Ko kai ba za ka yi toshi mai kyau haka ba. Ashe duk ruwan da injin ya ja, babu iskar da za ta shiga ta maye gurbinsa, shi ya sa tankin yake tsotse kansa, injin yana ja babu abin da ke zuwa.

Da safen nan da matan suka zo na nuna musu totuwar. Ban gama tambaya ba Mama Tagwai ta dafa ƙirji ta ce, “Ni ne na sa shi. Na ga zanzaro yana zagaya wurin, na ce kada ya shiga ya gina gida, ya ɓata ruwan likita.” Da ta gane abin da toshinta ya jawo, sai ta zauna a ƙasa ta rufe fuska da zane, ta ce ita da ta zo taimako ita ta wahalar da 'yar mutane mako biyu. Na durƙusa na rungume ta. Na ce mata ta yi gaskiya game da zanzaro, don shi ma da ya toshe shi da laka. Muka yanko ɗan gidan sauro muka ɗaure a bakin tiyon da zare, iska ta shiga, ƙwaro ya tsaya waje. Ita da kanta ta ɗaure, ta kuma sa ni na rubuta maka cewa tana gaida injiniya, za ta aiko maka da citta idan an haƙa.

Yanzu saura abin da na ɓoye maka, ka yafe mini. Tun rana ta biyu Sista ta so ta hau dutse ta buga waya ofishinmu na Kaduna a turo mai gyara, kuma da kwana ɗaya zai iso. Ni na roƙe ta. Na gaya mata halin da kake ciki, na ce ta ba ni mako biyu, ni zan ɗebi ruwa, ni zan riƙe buta, ba za a taɓa mace ɗaya da hannu mai datti ba. Ta yi mini faɗa sosai, ta ce motar asibiti ba wurin gwaji ba ce. Sannan ta ce nata mahaifin haka ya juya fuska bango, kuma babu wanda ya sami abin da zai tambaye shi. Ta ba ni zuwa yau Talata. Ban san matsalar ba, Baba, Allah ne shaidata, da na sani ba zan iya yi maka wasa da hankali ba. Amma na san wanda nake so ya gano ta. Wuyana ya yi tsami, tafin hannuna ya yi kanta, kuma ko a jikina.

Akwai wani littafi da ke zama a motar, duk wanda ya yi mata gyara sai ya rubuta abin da ya yi ya sa hannu. Leonard ya riga ya zaro biro, Sista ta karɓe littafin ta ce ba shi ya gyara ba, ba ni ba ce kuma. Ta rubuta kwanan wata da bayanin aikin, ta bar maka wurin sa hannu fili. Ta ce doka ce littafin ba ya fita daga mota.

Ranar Asabar za mu wuce Gwantu, kuma ta Kafanchan hanyar ta bi. Da misalin ƙarfe goma za mu tsaya a ƙofar gidanmu. Ba zan shigo maka da littafin ba, kada ma ka sa Mama ta roƙe ni. Daga gadonka zuwa ƙofar gida na san tafiya ce, amma kana da kwana huɗu, kana da sanda, kana da Mama. Matakan motar uku ne, na farkon ya ɗan yi tsawo. Zan tsaya a ɓarinka na dama.

Ka gaida Mama, ka ce ta wanke maka rigar nan mai ruwan ƙasa. Sai mun zo.

'Yarka mai ƙaunarka,
Hulda Samson Kumai